Ɓera ya miƙe, Baba na kwance

A makon jiya, bayan La'asar ta yi sanyi, wani tsohon ɗalibina ya yi sallama a gidana da ke Mabera. Tun daga gaisuwa na lura akwai abin da ke cin ransa. Mahaifinsa, manomin albasa ɗan shekara 61, ya yanke jiki ya faɗi yana alwala watanni bakwai da suka wuce, ya farfaɗo a asibiti ɓarinsa na dama a shanye, harshensa kuma ya yi nauyi. Da aka sallame su an rubuta masa maganin hawan jini, an ce a riƙa kawo shi gashi. Sun yi zuwa biyar ko shida suka sare, domin kuɗin keke napep zuwa da dawowa, da ɗawainiyar ciccibar dattijo a wannan zafi namu na Sakkwato, ba ƙaramin aiki ba ne.

Sai ya ciro waya ya nuna mini wani bidiyo da aka turo masa ta WhatsApp. Wani farin ɓera ne yana jan ƙafa yana zagaya wuri ɗaya kamar mai hajijiya. Aka nuna an yi masa allura, sannan aka nuno shi bayan wasu makonni yana gudu garau. Daga nan wani mutum mai farar riga ya bayyana yana cewa asibitinsu da ke ƙasar waje yana yi wa mutane irin wannan allura, ga lambar wakilinsu a Najeriya.

"Malam," in ji yaron, "wanga magani an gwada shi ya yi. Muna son mu sai da fadamarmu ta Kwalkwalawa mu kai Baba. Mi kag gani?"

Na roƙe shi ya ba ni mako guda. Na yi karatu, na kuma zauna da wani aminina likitan ƙwaƙwalwa. Da yake na san ba gidansu kaɗai wannan bidiyo ya shiga ba, na ga ya dace amsar da na ba shi ta zama ta wannan fili.

Shanyewar ɓarin jiki iri biyu ce. Ko dai gudan jini ya toshe jijiyar da ke shayar da wani sashe na ƙwaƙwalwa, ko kuma jijiyar ta fashe jini ya malala a ciki. Ko wanne ya faru, sashen da aka yanke wa abinci da iska yakan fara mutuwa cikin 'yan mintuna. Wani likitan Amurka, Jeffrey Saver, ya ƙiyasta a 2006 cewa idan babbar jijiya ta toshe, mutum na asarar ƙwayoyin ƙwaƙwalwa kusan miliyan 1.9 a kowane minti. Fata idan ta yanke tana haɗewa, ƙashi idan ya karye yana ɗoruwa, amma ƙwaƙwalwa ba ta da wannan baiwa sai ɗan abin da ba a rasa ba. Sauƙin da muke gani ga wasu majinyata yawanci daga sassan da suka tsira yake zuwa, su ne ke koyon aikin maƙwabtansu da suka mutu, kuma gashi da motsa gaɓoɓi ne makarantar da suke koyon.

A nan ne maganar ƙwayoyin tushe ta shigo, waɗanda masu talla ke kira sitem sel. A jikin kowane ɗan Adam akwai wasu ƙwayoyin halitta da ba su riga sun zaɓi sana'a ba. Suna iya hayayyafa, 'ya'yansu kuma su zama jini, ko ƙashi, ko guringuntsi, gwargwadon irinsu da inda suka sami kansu. Akwai su a ɓargo, akwai su a kitse, akwai su a jinin cibiyar jariri. Masana biyu a Toronto ta Kanada, James Till da Ernest McCulloch, su ne suka tabbatar da samuwarsu a ɓargon ɓeraye a 1961. A 2006 kuma Shinya Yamanaka na Japan ya nuna cewa ana iya mayar da ƙwayar jikin ɓera da ta riga ta kama sana'a ta koma tushe, aikin da ya ba shi kyautar Nobel a 2012. Saboda haka kada wani ya ce maganar tatsuniya ce. Dashen ɓargo da ake yi wa masu sankarar jini da masu sikila magani ne da ƙwayoyin tushe, kuma a nan Najeriya an yi na farko cikin nasara a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin a 2011, ƙarƙashin Farfesa Nosakhare Bazuaye. Idan ɓargo zai iya sabunta jinin mutum, ba laifi ba ne masana su tambayi ko zai iya gyara ƙwaƙwalwarsa.

Irin wannan tambaya ba a fara yi wa mutum ita. Ɓera ake fara yi wa. To, yaya ake sa ɓera ya shanye? Hanyar da ta fi yaɗuwa wani masanin Japan mai suna Koizumi ne da abokan aikinsa suka bayyana ta a 1986, wasu a Amurka suka gyara ta a 1989. Ana sa ɓeran barci, a tsaga wuyansa, a zura siririn zaren nailan, kamar na fatsa, ta jijiyar wuya har ya je ya toshe bakin babbar jijiyar tsakiya ta ƙwaƙwalwa. A bar shi awa ɗaya ko biyu, sannan a zare. Idan ɓeran ya farka sai a ga ƙafarsa ta gaba ta langaɓe, yana zagaya wuri ɗaya, daidai abin da ɗalibina ya gani a waya. Daga nan sai jarrabawa: a ɗora shi a kan sanda mai juyawa a ga daƙiƙa nawa zai yi kafin ya faɗo, a manna masa 'yar takarda a tafin ƙafa a ga tsawon lokacin da zai ɗauka kafin ya ji ta ya ɓanɓare. A ƙarshe a yanka ƙwaƙwalwar sala-sala a tsoma ta a wani rini, naman da ke da rai ya yi ja, wanda ya mutu ya tsaya fari, a auna.

A 2001 ayarin Michael Chopp na asibitin Henry Ford da ke Detroit ya buga sakamakon da ya ja hankalin duniya: ɓerayen da aka zuba wa ƙwayoyin ɓargo ta jijiya bayan sun shanye sun fi 'yan uwansu cin waɗannan jarrabawa. Ɗakunan gwaje-gwaje da dama a Sin, da Japan, da Koriya, da Turai sun maimaita, da ƙwayoyi iri-iri, akasarinsu kuma sun ba da labarin sauƙi. Har zuwa nan mai bidiyon bai yi ƙarya ba. Ɓera yana samun sauƙi.

Sai dai da aka bi sawun ƙwayoyin, an ga abin da ba a zata ba. Tsammanin farko shi ne za su tafi inda ya mutu su zama sababbin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, kamar yadda ake cike gurbin shukar da ba ta fito ba. Ashe waɗanda aka zuba ta jijiya mafi yawansu a huhu suke maƙalewa, 'yan kaɗan ke isa ƙwaƙwalwa, waɗanda suka isa ɗin ma ba sa daɗewa. Amfanin da ake gani daga sinadaran da suke fitarwa ne kafin su mutu: suna kwantar da kumburi, suna lallashin saifa kada ta turo mayaƙan jiki su ƙara ɓarna, suna ƙarfafa tsirowar ƙananan jijiyoyin jini. Wato aikin masu kashe gobara suke yi, ba na magina ba. Wannan bambanci yana da nauyi ga mahaifin ɗalibina, domin mai kashe gobara a ranar gobara yake da amfani, shi kuwa dattijon nan watansa bakwai da wutarsa ta ci ta mutu.

Akwai wata lamba da duk mai binciken wannan cuta ya haddace: 1,026. A 2006 wasu masana, akasarinsu daga Melbourne ta Ostireliya, sun tattara duk magungunan da aka taɓa gwadawa domin shanyewar ɓarin jiki, suka samu 1,026. Daga cikinsu 114 ne suka kai ga gwajin mutane, waɗanda suka fita kunya kuwa ba su cika yatsun hannu ɗaya ba, babbansu shi ne maganin narkar da gudan jini da Amurka ta amince da shi a 1996. Mafi zafin faɗuwar shi ne na wani magani mai suna NXY-059. Ya yi aiki a ɓeraye, ya yi a birai, aka kashe maƙudan kuɗi aka gwada shi a kan majinyata sama da 3,000, sakamakon da aka buga a 2007 ya nuna bai fi ruwan gishiri ba. Da Malcolm Macleod na Jami'ar Edinburgh ya koma ya binciki gwaje-gwajen dabbobin da aka dogara da su, sai ya tarar waɗanda aka yi cikin tsantseni, inda ƙuri'a ce ta raba dabbobin kuma mai aunawa bai san wadda ta sha magani ba, sun nuna amfani kaɗan ƙwarai idan aka kwatanta da waɗanda aka yi sakaka. Ayarin nasa ya kuma nuna a 2010 cewa ɓoye gwajin da bai yi nasara ba yana kumbura amfanin magungunan da kusan kashi ɗaya cikin uku. Mai bincike ma ɗan Adam ne, yana son abin da ya yi wa wahala ya yi kyau.

Ko da an yi komai bisa gaskiya, ɓera ɓera ne. Ƙwaƙwalwarsa ba ta wuce giram 2 ba, tamu ta haura kilo ɗaya, ginin cikinsu ma ya sha bamban. Ɓeran ɗakin gwaji yawanci namiji ne, matashi, lafiyayye, wanda bai san gishiri ko magi ba, kuma an san mintin da jijiyarsa ta toshe domin da hannu aka toshe ta. Ɓera bai da magana balle a auna dawowarta, sannan ko ba a ba shi komai ba yakan murmure da kansa fiye da mutum.

Ku kwatanta shi da majinyacinmu. Binciken SIREN, wanda Farfesa Mayowa Owolabi na Ibadan ya jagoranta tare da abokansa a asibitocin Najeriya da Ghana, har da na Kano da Zariya, ya duba mutum sama da 2,000 da suka kamu, aka buga sakamakon a 2018. Kusan kashi 90 cikin 100 na cutar ana iya ɗora shi a kan hawan jini. Kusan ɗaya cikin uku jijiya ce ta fashe musu, adadin da ya ninka na ƙasashen Turai, alhali gwajin zaren nailan toshewa kawai yake kwaikwayo. Kusan ɗaya cikin huɗu kuma ba su kai shekara 50 ba. Ɓeran da ke cikin bidiyon nan bai yi kama da Baba ba, bai ma yi kama da yawancin waɗanda ke kwance a asibitocinmu ba.

To, da aka kai ƙwayoyin tushe ga mutane, me aka gani? A 2016 Jami'ar Stanford ta ba da rahoton mutum 18 da aka huda musu ƙoƙon kai aka zuba musu wasu ƙwayoyi masu suna SB623, wasunsu suka sami sauƙi mai ban mamaki, jaridun duniya suka ɗauka. Amma ba a ajiye wasu a gefe da za a kwatanta su da su ba. Da aka sake gwajin da mutum 163, wasu aka yi musu aikin na gaske wasu na kwaikwayo, kamfanin da kansa ya sanar a Janairun 2019 cewa ba a cim ma abin da ake nema ba. A Indiya, ƙasar da mutanenmu suka fi yi wa tururuwa, Farfesa Kameshwar Prasad ya jagoranci gwaji a kan majinyata 120 da ƙwayoyin ɓargonsu na kansu, ya buga a 2014: ba su cutar ba, ba su kuma amfanar ba. Wasu ƙwayoyin masu suna MultiStem, da ake zubawa cikin kwana ɗaya da rabi na farko, an gwada su a Amurka da Ingila, sannan a Japan a kan mutum 206, duka biyun ba su nuna bambanci a ma'aunin da aka ɗaura niyya a kansa ba, kamfanin da ya ƙirƙiro su kuma ya durƙushe a farkon 2024. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Ban ce an rufe littafin ba. Ana ci gaba da gwaji da wasu irin ƙwayoyi, da wani awo, da wani lokacin bayarwa, kuma Japan ta ba wa SB623 ɗin nan izini na wucin gadi a 2024 domin masu raunin kai na haɗari. Mai yiwuwa wata rana 'ya'yanmu su ci moriyar abin. Amma a yau, wanda ya karɓi kuɗinka ya ce zai tayar da shanyayye da wannan allura, kifi a ruwa ya sayar maka. Gwajin gaskiya ba ya cajin majinyaci, yana da izinin kwamitin ɗa'a, yana kuma gaya maka tun farko cewa ba a san ko zai yi ba.

Ba ma asarar dukiya kaɗai ba ce. A 2016 likitocin wani asibiti a Boston sun buga labarin wani ɗan Amurka mai shekara 66 da ya shanye, ya bi asibitocin kuɗi a Sin da Ajantina da Meziko ana yi masa allurar ƙwayoyin tushe a gadon baya, ya kashe kusan dala 300,000. Ya dawo da ciwon baya da ƙarin shanyewa. Da aka buɗe shi aka tarar da ƙari ya cika masa laka, kuma ƙwayoyin ƙarin ba na jikinsa ba ne, na waɗansu mutane ne. Abin da ke iya hayayyafa ya zama komai, yana iya hayayyafa ya zama abin da ba a so.

Ƙanin wannan ciniki kuwa tuni ya iso gida. Wanda ke cikin zaurukan WhatsApp na unguwa ko na ma'aikata ya ga tallar garin nan na cikin 'yan ƙananan fakiti da ake cewa sitem sel ne na tuffa ko na inabi, a zuba ƙarƙashin harshe, yana maganin shanyewa da sukari da ƙoda da rashin haihuwa. Ƙwayar tuffa ba ta zama ƙwayar mutum, kuma duk abin da ya bi ta maƙogwaro ciki zai narkar da shi kamar yadda yake narkar da tuwo. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne waɗanda ke ajiye maganin hawan jininsu saboda shi. Ba na zargin iyalan da ke saye. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Jiya an ce musu iska ce ta buge shi ko jifa aka yi masa, yau kuma an zo musu da farar riga da hoton ɓera.

Duk da haka, kada wannan ya sa mu raina ɓeran, domin da shi aka gano yawancin abin da na zayyana a sama, har da iyakarsa. Abin da nake ganin ya kamata shi ne mu ma mu shiga aikin da tambayoyinmu. Garin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya bar rubuce-rubuce a kan magani bai kamata ya tsaya a matsayin kasuwar bidiyon wasu ba. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo tana da kwalejin likitanci, tana da cibiyar binciken likitanci mai zurfi da ake kira CAMRET, asibitin koyarwarta yana da cibiyar tiyatar ƙwaƙwalwa da Farfesa Bello Bala Shehu ya yi wa hidima, sannan ga tsangayar likitancin dabbobi. Tun 1999 masana wannan fanni suka ba da shawarar kada a tsallaka daga ɓera zuwa mutum sai an bi ta babbar dabba. A Leipzig ta Jamus, Johannes Boltze da abokansa tumaki suka zaɓa, domin ƙwaƙwalwar tunkiya mai lanƙwashe-lanƙwashe ce kamar tamu, ko da yake jijiyoyinta ba sa karɓar zare, sai an buɗe kai. Idan tumaki ake nema da masu sanin lafiyarsu, wanda ya taɓa shiga Kasuwar Kara ya san ba mu da talauci a nan. Abin da ake buƙata shi ne kuɗin bincike mai ɗorewa, da wutar da ba ta ɗaukewa, da kula da haƙƙin dabbar, da jarumtar buga sakamako ko da bai yi daɗi ba.

Maƙwabtanmu sun riga sun nuna irin ribar tambayar gida. Yara masu sikila, idan ba a yi musu rigakafi ba, kusan ɗaya cikin goma yakan shanye kafin ya kai shekara 20. Likitocin Kano da Kaduna, tare da Jami'ar Vanderbilt ta Amurka, sun auna gudun jini a kan yara da na'ura domin gano masu haɗari, suka gwada musu maganin haidiroksiyuriya, suka buga a 2022 cewa ƙaramin awo ma yana ba da kariya daidai da matsakaici. Ba wanda ya yi wa wannan aiki bidiyo mai kiɗa, amma akwai yaran da ke tafiya makaranta da ƙafafunsu yau saboda shi. Ina ganin gwamnatin jiharmu za ta fi samun lada idan ta sa na'urar awon jini mai aiki da maganin hawan jini mai araha a kowane ƙaramin asibiti daga Isa zuwa Tangaza, ta ɗauki ƙarin masu gashi, ta kuma yi shela a rediyo cewa karkacewar baki, ko mutuwar hannu, ko sarƙewar magana, alama ce ta a nufi asibiti a wannan sa'a, a ɗauki hoton ƙwaƙwalwa, kada a tsaya jiƙe-jiƙe sai gobe.

Da ɗalibin nawa ya dawo, na zayyana masa duk wannan. Ya yi shiru ya daɗe, sannan ya ce, "To Malam, ke nan mu zura mai ido?" Na ce a'a. Muka ɗauki takarda muka yi lissafi: kuɗin maganin hawan jini na shekara, da na keke napep sau biyu a mako, da na sandar dogarawa, da ɗan abin da za a ba ƙaninsa da zai koyi motsa gaɓoɓin a wajen masu gashi ya riƙa yi wa Baba safe da yamma. Jimillar ba ta kai abin da fadamar ke bayarwa a kakar albasa guda ba. Na kuma sa ya auna nasa jinin a kemis ɗin bakin titi kafin ya tafi, domin shekararsa 34 bai taɓa aunawa ba. Ya fito 150 bisa 95, mai kemis ya ce ya je asibiti a sake dubawa.

Fadamar dai ba a sayar ba tukuna. Yayyensa biyu sun yarda da lissafin, babbar yayarsu da ke aure a Gusau ba ta yarda ba, tana ganin rowa ce za ta hana a nema wa mahaifinsu lafiya. Wakilin asibitin kuma, in ji shi, ya sake bugo waya shekaranjiya, ya ce an yi musu ragi idan za su biya kafin ƙarshen wata.